Wanda Aka Maido Mini

Ran Lahadi, kasuwar Tawa tana ci,
Haladu ya ɗaure buhun albasa biyu a bayan moto,
ya ce in aza ruwan shayi, yanzu zai dawo.
Ruwan ya tafasa har ya ƙone.

Akuya ce, in ji waɗanda suka gani.
Ba tirela ba, akuya mai tsallaka kwalta.
Ko jini bai fita ba.
Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya tsince albasarsa,
har ya yi wa mai akuyar ba'a.
Sai da la'asar ya fara amai,
ya kira ni da sunan innarsa.

Likita ya haska masa tocila a ido,
ɗaya ya tsuke, ɗaya ya ƙi.
Ya ce jinin ta ciki yake zuba,
kamar soro mai yoyo, na waje bai sani ba.
Ya ce sai Yamai.
Na sayar da tunkiya da kwanonina na zuba mai.
Konni, Dogon Dutsi, Doso,
kansa yana tsakanin tafukana
kamar ƙwaryar nono a hanya mai ramuka.

A bencin asibiti na tarar da dangin da ban sani ba:
Bazabarma, ɗanta magini ya faɗo daga bene,
Buzu, ramin zinariya ya rufta wa ƙanensa.
Ba mu jin harshen juna.
Kowa hannu yake kaiwa ka, a gane.
Mai jinyar dare ta ce mini,
"Babu ƙasar da ba ta da bencin nan.
Matattu ake ƙirgawa, Tsahara.
Waɗanda suka tashi, wa ke bin su gida?"

Mun dawo. Gida ya cika da barka da arziki.
Na amsa. To me zan ce?
Ga shi tsaye da ƙafafunsa.
Amma mutumin da ke lissafin buhu ɗari a ka
yau yana juya dala biyar a tafi
kamar an ba shi kuɗin wata ƙasa.
Ƙarar cokali tana sa shi faɗa.
Jiya na yanka albasa a gabansa,
ya shinshina, ya sake shinshinawa,
ya ce, "Wannan ba ta Galmi ba ce, ba ta da wari."
Ta Galmi ce.
Na bar hawayena a kan albasar.

Hular kwanon da ya ce tana sa zufa
tana bayan rumbu tun bara,
kaza ta mai da ita akurki.
Yau da safe Attahiru ya nemi makullin moto,
shekara goma sha shida, kuma gero ya ƙare.
Na je na kwashe ƙwai huɗu,
na wanke ta da toka.
Ta yi masa yawa.
Na cusa ɗankwalina a ciki.