Ƙafafun da ke Naɗewa

Wata bakwai ina sassaƙa shi a zaure,
fiffike kamu huɗu, haƙarƙari na siraran katako
da na tsinto a kasuwar Katako, bayan masu kwano.
Na shafe shi fari, na ja masa layi ruwan lemo
irin na wanda nake duba wa taya a filin jirgi
shekara ashirin da shida, kafin a ce in je in huta.

Saura ƙafa.

Rabe ya aiko hoto uku daga Gwanzu,
ya ce, Baba, zaɓi, kaya na tashi ran Laraba.
Ta farko waya ce a kafe, jikka huɗu,
ba ta san lalacewa ba.
Amma jirgi a sama da ƙafa a waje
kaza ce da shaho ya sura.
Ta biyu roba, tana naɗewa, ba nauyi,
sai dai na san ranar Yamai:
bokitin Sahiya bai ga bazara biyu ba.
Ta uku sanholo, da ɗan inji a cinyarta
kamar ƙwallon dabino.
Ka taɓa maɓalli, ta yi kukan sauro,
ta lanƙwashe a hankali, ta shige ciki.
Jikka talatin da biyar. Giram ɗari da tamanin.

Na ari sikelin Saini maƙerin zinariya,
na auna tsakuwa daidai nauyin, na ɗaure a fiffike,
na ɗora jirgin bisa yatsu biyu.
Hanci ya sunkuya. Na ja batir baya kaɗan.
Ya tsaya cak, kamar mai saurare.

Saini ya ce, wa zai gani?
In ya wuce tsayin giginya, taya da tabo duk ɗaya.
Kuma filinku na hanyar Filinge marmara ne da ƙarangiya.
Ƙwayar yashi guda ta shiga haƙoran injin,
ɗaya ta fito, ɗaya ta ƙi,
wata bakwai ya zama makamashi.
Ban musa ba. Na taɓa ganin babba, na gaske,
yana kewaya gari yana ƙona mai,
mu a ƙasa riƙe da tiyo
muna karanta duk abin da muka haddace.

Na yi lisha a kan kujera,
yadda nake yi tun bara waccan
da gwiwar hagu ta daina jin magana.
Sahiya ta dubi hotunan, ta dube ni,
ta ce, kuɗin nan allura nawa ne?
Na ce, biyar. Ta ce, to.
Ta juya fanka wajena.

Shamuwa tana jan nata a baya, ba kunya.
Tsattsewa fa, wa ya taɓa ganin nata?
Ni a ƙarƙashin ciki na ƙare ƙuruciya,
ina shafa maiko, ina ƙwanƙwasa roba,
ladan duka bai fi ƙiftawa biyar ba:
ya ɗaga, ya haɗiye ƙafafu, ƙofa ta rufe,
ciki sumul, kamar bai taɓa sanin ƙasa ba.
Sai in goge hannu.

Na kira Rabe kafin asuba, can rana ta take.
Na ce, ta ukun. Biyu a fiffike, ta hanci mai juyawa.
Tambaye su ko tana yanke wuta da kanta in ta cije.
Ƙaro kusoshi, da tayoyi masu faɗi.
Ya ce, in ta ƙi fitowa fa?
Na ce, akwai harawa gefen gonar Tahiru.
A kashe farfela, a ɗaga hanci, a sauka bisa ciki,
fenti kawai ake bari.

Na riga na yanke ramuka uku,
na liƙa katako mai kauri inda za su zauna,
na sayi sabon buroshin haƙori saboda yashi.
Jirgin na rataye a azara, ba ƙafa,
yana ɗan juyi in fanka ta zo kansa.
Kwana arba'in, in ji Rabe, in teku ta yarda,
sannan a jira mota.

Jiya Mintu jikata ta hau kujerar sallata,
ta zura yatsa a rami, ta ce, Kaka, idanu ne?
Na ce, a'a.
Aljihu ne.