Mai Raɗa a Bayan Labule

Daren Laraba, zauren coci a Skipton.
Ruwa na dukan taga, hita ta mutu tun Litinin.
Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da littafin,
ina zaune bayan labule,
in ɗan wasa ya manta, in raɗa masa.

Wasan bana ya haura shekara ɗari huɗu.
Kalmominsa mabuɗai ne na tsohon gida:
suna nan a zobe,
ƙofofin ne aka sauya.

Gareth mai gyaran famfo shi ne baran attajiri.
An aike shi, ya ce "presently",
ya nemi kujera ya miƙe ƙafa.
Na ce, tashi, yaro!
A bakin mutanen da, nan take ke nan.
Mu muka yi ta jan ƙafa da alkawari
har kalmar ta koyi jinkiri a wurinmu.

Imogen kuma, da aka ce mata "fond",
sai ta sunkuyar da kai tana murmushi.
Na ce, ɗiyata, wawuya ya kira ki.
Ta ce, to yaushe wauta ta koma ƙauna?
Na buɗe baki, na rufe.
Wa ya taɓa ganin ranar da suka rabu?

"Let" ma akwai inda take nufin hanawa.
Kalma guda, ta buɗe, ta kulle.
Gareth ya ce ai ya san irinta,
surukarsa ce.

Sai muka iso kan "thou".
Wannan ba na bukatar ƙamus.
"You" ta baƙo ce da na gaba,
kamar a ce "ku" ga mutum ɗaya.
"Thou" kuwa "kai" ce tsirara:
ta bara, ta maƙiyi a tsakar kasuwa,
ta Ubangiji,
ta wanda kuke raba bargo.

Clifford ɗina, makiyayin tumaki,
bai taɓa shiga gidan wasa ba.
Shekara arba'in da ita yake kirana,
da safe, kan shayi, ba tare da ya ɗago ba.
Tun da aka binne shi
kowa a garin nan girmama ni yake yi.

Imogen ta maimaita layin, muryarta ta sauka.
Shiru.
Layi na gaba ya ɓace wa Gareth,
suna ta jiran raɗa,
yatsana na kan shafin.