Gwajin Safe

A Valparaíso, a gangaren tudun Barón,
inda iskar teku ke cin ƙarfe kamar gara,
nan shagon Eduviges Arancibia yake.
Shekara biyu ina share mata daɓe
kafin ta bar ni in taɓa injin.

"Kafin ka ɗora ruwan shayi, Fermín,
sa shi ya buga gwajin safe.
Layi huɗu: shuɗi, ja, ɗorawa, baƙi.
In ka ga giɓi kamar bakin tsohuwa,
ƙofar tawada ce ta toshe.
Wanke sau ɗaya, wanke sau biyu.
In ya ƙi, bar shi ya jiƙa, je ka ci abinci.
Kuma ban da auduga a kansa,
zare ɗaya ya isa ya ɓata mana mako.

Kada ka zare masa wuta da dare.
Shi ma yana juyi a cikin barci,
yana lasar leɓe don kada ya bushe."

Na taɓa zarewa. Hutun Satumba, kwana biyar.
Kuɗin sabon kai ya kai albashina na wata uku.
Ba ta cire mini ko peso ɗaya ba.
Ta dai ajiye mataccen a bakin taga,
daidai inda nake zama in ci burodi.

Ranar da Rigoberto ya kawo motar kifi,
yana son a lulluɓe ta kafin azahar,
sai ta shinshina ledar da muka buga.
"Tana warin tawada. Sai gobe.
Ɗanyen aiki ba ya ɗaukar riga."

Muka wanke motar da sabulu,
muka bi da sifirit har cikin lungun ƙofa,
nan ne maiƙo ke ɓuya,
nan ne kuma leda ke fara ɗaga baki.
"Taɓa ƙarfen. In ya yi sanyi, gam ba ya kamu.
In rana ta gasa shi, zai cafke tun ba ka shirya ba.
Fara daga tsakiya, ka kori iska zuwa gefe
kamar mai korar kaji daga ɗaki.
Wadda ta maƙale, allura ce maganinta.
A lanƙwasa, ba ta zafi kaɗan, lallaɓa ta,
kada ka ja. Leda tana da riƙo,
wata uku za ta koma inda ka janyo ta.
In ka gama, sake bi da zafi, ta manta.
Reza kuwa, nauyinta kawai ya isa,
fentin da ke ƙasa ba naka ba ne."

Lambar waya ta faɗa kan tsagar ƙofa.
Da an buɗe, sai biyar ta rabu da 'yan'uwanta.
Muka sake bugawa da kuɗinmu.

Allon shago kuwa, tsallaka titi take sa ni.
"In ka tsuke ido, haruffan sun yi ƙanana.
Karanta daga ƙarshe zuwa farko,
ido maƙaryaci ne, yana gyara abin da ya saba."

Bara ta fara miƙo mini takardar gwaji.
"Me ka gani?"
Na ɗauka jarrabawa ce.
Sai wata Talata, ga giɓi uku a ruwan ɗorawa,
ta ɗaga takardar sama, ta fuskanci teku,
ta daɗe,
ta ce, "Lafiya lau. Ɗora leda."

Ban ce komai ba.
Da ta fita sayen burodi na wanke kan.

Yanzu ƙarfe bakwai nake zuwa, ita bakwai da rabi.
Takardar da take tararwa ba ta da giɓi.
Jiya ta shafa ta da babban yatsa, ta ce,
"Tawadar nan ta bushe da wuri, Fermín."
Ta rataye jakarta. Ta ɗora ruwan shayi da kanta.