Ɗigon Ruwan Tafki

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli a Garin Malam,
tambaya guda nake yi duk ƙarshen shekara:
in kun girma, me za ku zama?
Soja, in ji rabin aji.
Ɗan duwan, in ji Mutari, don ya ga benen kawunsa.
Ban ga laifinsu ba.
Yaro ba ya mafarkin abin da bai taɓa gani ba.

Sai na gayyato Falmata,
wadda muka zauna benci ɗaya a lakwal,
yau ita ke bin sawun ruwa a ƙarƙashin ƙasa.
Ta zo a makare, bisa babur,
laka har idon sawu,
da dutse, da kwalba biyu,
da madubin likita da ta aro
bisa alkawarin mayarwa kafin la'asar.

Ba ta ja zance ba.
Ta dire dutsen a teburina:
"Wannan ƙanen waɗanda kuke hawa ne a Birni.
Danginsa ne kwance ƙarƙashin Damagaram,
sun hana ruwa wurin zama,
shi ya sa iyayenku ke gadin famfo da tsakar dare.
Aikina in nemo inda dutse ya yi sakaci."

Ta ɗiga ruwan tafki a gilashi.
Yara saba'in da uku, ido ɗaya-ɗaya,
layi har bakin taga.
Cima ta leƙa, ta yi tsalle da baya:
"Mushe, yana motsi! Wallahi da rai!"
Barira ta dafe ciki:
"Ashe da jama'a muke sha."
Dariya ta kusa ɗage kwanon rufi,
har darakta ya leƙo da bulalarsa,
shi ma ya bi layi.

A nan ta ba su labarin wasu mutane.
Akwai mai duba ɗigon jini a asibiti
ya kira zazzaɓi da sunansa na yanka.
Akwai wata mai aurar da gero da gero
har a haifi wanda zai nuna kafin damina ta juya baya.
Wani kuma gajimare yake karantawa,
ana biyansa, ta ce, duk wata.
Mutari ya tambayi nawa.

Ilu bai yi dariya ba tun farko.
Can baya yake, kusa da tsintsiya,
bai taɓa ɗaga hannu ba sai ranar.
"Madam, babana ga-ruwa ne.
In kika samo ruwan, kowa ya samu a gida,
wa zai sayi na kurarsa?"

Na nemi allina a ƙasa, alhali yana hannuna.

Falmata ta daɗe tana goge gilashi.
Ta ce, "Ban san amsar ba duka.
Nawa uban rijiya yake haƙa,
da igiya a ƙugu,
ƙasa ta taɓa rufe shi har wuya.
Shi ya koya min ɗanɗana yashi.
Naka ya san unguwar da ke fara ƙishi,
ya san ranar da famfo ke ƙarya.
Wannan ma ilimi ne, ba a dai rubuta ba.
Ka rubuta mana."

La'asar ta yi, madubi ya koma gidansu.
Dutsen ta manta shi, ko ta bar shi, ban tambaya ba.

Ran Litinin na iske kaye a teburina,
bangonsa ya sha miya.
Sabon Gari: jarka ashirin da biyu.
Kara-Kara: famfo bai zo ba.
Talata, Laraba, da layi a karkace,
rabin lissafin kuskure ne.
Na ɗauko jan biro,
na riƙe,
na mayar da shi aljihu,
na ce, Ilu, jawo benci, mu sake ƙirgawa.