Abin da Gara Ta Rage

Ranar da rufinmu ya yi yoyo a Siyu
muka jawo akwatin kakana tsakar gida,
ni da gwaggona Mwanahawa.
Makullin ya ɓata tun ban zo duniya ba.
Da addar fasa kwakwa muka ɓalle shi,
ƙamshin kanumfari da gumin teku
suka yi rige-rigen fitowa.

Maalim Kombo bin Famau.
Ban riske shi ba. Na dai san kujerarsa,
da gurbin da goshinsa ya ci a tabarma.

Wasiƙu saba'in da huɗu na ƙirga,
ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa,
babu ko ɗaya da hannunsa.
Nasa sun bi iska cikin jiragen fatake
zuwa Unguja, zuwa Mukalla, zuwa Lamu nan kusa,
suna can a gidajen wasu, in suna nan.
Mu amsoshi aka bar wa.

Ni boko na yi, baƙaƙen sun fi ƙarfina.
Gwaggo ke bi da yatsa, ni ina saurare,
ina auna tsawon mutum daga inuwa.
"Ka tsananta a kan gadon marayun nan."
Ashe mai zafi ne.
"Littafin da ka ara, bana shekara uku."
Ashe aro a hannunsa ba ya dawowa.
"Na ji rasuwar ɗiyarka Time. Allah ya ba da haƙuri."
Gwaggo ta cire tabarau.
Shekararta sittin da takwas,
ba wanda ya taɓa ce mata tana da yaya.

Can ƙasa, littafinsa na taurari da cikar teku,
tawadar ƙonanniyar shinkafa da ƙaro.
A gefen shafi: "Bashin mai kifi, rupi biyu."
Gaba kaɗan: "Yau idon hagu ya ƙi."
Daga nan baƙaƙen suka fara ƙiba,
layi goma sha biyar ya koma tara,
tara ya koma biyar,
kamar mai ɗaga murya don ya ji kansa.

Gara ta riga mu karatu.
Ta shiga ta babi na uku, ta fita ta na shida,
ba ta tsallake ko wasali ba.
Shafin ƙarshe kuwa ba laifinta ba ne,
shi ya tsaya: "Amma idan wata ya kwana tara,
iskar kudu kuma ta..."
Sai farar takarda, har ƙasa.

Muka shanya su a inuwa bisa zannuwan gwaggo,
kowane shafi da ɗan dutsensa.
Tsoho Lali, da ya yi shekara hamsin yana tuƙin jirgi,
ya leƙo neman garwashi.
Bai san alif ba.
Gwaggo ta karanta masa guntun layin don raha.
Ya ce, "...ta kwanta da la'asar,
kada ka bi mashigin Mkanda da kaya,
jira asuba. Haka ubana ya ce Maalim ya ce."
Ya ɗauki garwashinsa ya fita.

Na ɗauko biro. Gwaggo ta riƙe min hannu.
"Ba a shafinsa ba."
Na yago takarda daga littafin lissafin shagona,
na rubuta da irin rubutun da na iya,
muka sa ta tsakani, da ganyen darbejiya.