Kofin Yumɓu a Banaras

Tun da jijjifi nake fita, kwando a ka,
kofuna ɗari uku, gashin daren jiya,
ɗumin wutar Baba bai gama barin su ba.
Hazo ya haɗiye matakalun Ganga,
ƙararrawa na tasowa daga can ƙasa,
saniya ta kwanta ta tare lungu,
na karkace, na wuce ta wajen bindi.

Lallan nake fara sauke wa.
Tukunyarsa ta girme ni:
madara, ganyen shayi, dakakkiyar citta.
Ya ɗaga ludayi sama, ya tsiyayo daga nesa,
zare guda ja, ko ɗigo bai kauce ba.
Ya ƙirga hamsin, ya ce biyu sun tsage.
Kullum biyu na tsagewa a wurin Lallan.

Gaba kaɗan mai na tsuwa a kaskon Bechan.
Kachori na kumbura kamar kumatun mai fushi,
a ɓarka shi a ganye, a kwarara romon dankali.
Jalebi kuwa rubuta shi yake a kan mai,
rubutun da ba a karantawa,
sai dai a lashe yatsa.

Kai baƙo mai jaka a baya,
na gan ka jiya a gaban Chameli.
Ta huda golgappa da babban yatsa,
ta tsoma a ruwan tsamiya da na'ana'a,
ta nuna maka da hannu: gaba ɗaya, kar ka gatsa.
Ka gatsa.
Rigarka ta riga ka ɗanɗanawa.
Ido na ruwa, hanci na ruwa,
kana miƙa ganye a ƙara.

Da za ka ji maganata, da na ce
ka bi ni wajen Sarju kafin rana ta ɗaga.
Madararsa a kan soro take kwana,
sanyi da raɓa su yi mata aiki,
da asuba ya kaɗa ta sai ta zama kumfa,
ruwan ɗorawa don za'afaran.
Malaiyo ke nan.
Ka kai baki, ka nemi abin taunawa ka rasa.
Hantsi na yi ta kwanta, sai kuma gobe,
sanyi na wucewa, sai kuma baɗi.
An ce baƙo raɓa ne.
To ga ɗan'uwanka a kofi.

Yau da azahar na sake ganin ka
a rumfar lassi, kan benci,
kindirmo mai kauri, cokali a tsaye ciki.
Ka shanye, ka share gashin baki,
ka juya kofin kana duba gindinsa,
inda babban yatsan Baba ya bar sawu.
Sai ka zaro hankici ka naɗe shi.

Haba, baƙo, fasawa ake yi!
Ga tarin 'yan'uwansa can bakin kwata.
In ba a fasa ba, mu ci me?
Garin nan ya saba da mai da ƙasa ƙasa,
dubi hayaƙin da ke tashi a bakin ruwa,
dare da rana ba ya yankewa.
Na ɗauki wani na buga a dutse don ka gani.
Ka yi dariya, ka tura naka cikin jaka,
tsakanin safa da littafi.

Da dare na zube kuɗi a tabarma.
Baba na juya faifan gini, laka har gwiwar hannu,
mutumin da bai taɓa tsallaka gadar jirgi ba.
Na ce, biyu sun tsage a wurin Lallan.
Ya ce, uhm.
Na ce, ɗaya kuma ya yi tafiya,
ina jin har jirgin sama zai hau.

Faifan ya rage gudu.
Ya tsaya.
Ya ce, wanne?
Allah ya sa ba mai karkataccen bakin nan ba ne.