Tambayar da Ba a Koya Masa Ba

Daga nesa aka kawo shi,
wakilin da ba ya barci, ba ya shan shayi.
Muka zaunar da shi a cikin sabar,
ɗakin bayan ofis, nan Garwa,
inda fanka ke tuƙa zafi kamar tuwo.

Tambaya uku kawai ya iya:
Kina da rai? Jikinki da zafi? Cikinki ya cika?
Kowace na'ura ta ce lafiya lau,
shi kuma ya shafa wa allo kore.

Ranar kasuwar Pitowa allo kore shar,
eriyar can kuwa tana shure-shure.
Kwana uku rana na bayan hadari, batir ya tsotse.
An sallama shanu, an tafa,
sefa ta maƙale tsakanin waya da waya,
dillalai sun yi cirko-cirko suna ɗaga hannu sama
kamar masu roƙon ruwa.
Wakili bai yi ƙarya ba.
Abin da aka aike shi ya kawo.

Sai na zauna na ɗinka masa ƙari,
layi talatin da bakwai, da gyaɗa a gefe.
Na ce: duk minti biyar ka je ka gaida batir,
ka dawo mini da lamba ɗaya tak.
In ta haura sha biyu, kama bakinka.
In ta fara gangara, yi gyaran murya.
In ta faɗi, tashe ni, ko ina tsakiyar mafarki.

Ashe batirin da Faransanci ya yi karatu,
waƙafi yake sawa inda nake jiran ɗigo.
Ya ce sha biyu, waƙafi, shida.
Rubutuna ya yi tuntuɓe da waƙafin,
ya tashi yana ihun sifili.
Sau arba'in da ɗaya waya ta yi kuka a daren.
Hapsatu ba ta ce uffan ba,
ta cusa ta cikin buhun masara, ta ɗaure bakin,
ta koma ta kwanta.

Ɗan waƙafi, bai kai ƙwayar gero ba.
Na gyara shi kafin a kira asuba.

Wata rana kuma batir ya ƙi amsa sallama,
wakili ya toge a ƙofa yana jira,
sauran aike duk suka jeru a bayansa har la'asar.
Na ƙara layi biyu:
ƙirga goma, in ba a amsa ba ka juyo.
Shiru ma magana ce, rubuta ta.

Na koya masa leƙa tankin gas.
Na koya masa sanin an buɗe ƙofar akwati.
Ƙadangaren da ke kwana kan wayoyi
har yau ban samo masa lamba ba.

Da na nuna wa Baffa Barkindo, mai gadin eriya,
ya daɗe yana kallon allon wayata.
Ya ce, ni tarin janareto nake ji,
in ya yi na tsoho, da saura,
in ya yi na jariri, ka taho da makaniki.
Na buɗe kwamfuta in rubuta haka,
yatsuna suka tsaya a sama.

Jiya hadari ya taso ta kan Binuwai.
Ƙarfe biyu da kwata waya ta yi kuka,
sau ɗaya, kuma da gaskiyarta:
sha ɗaya da ɗigo huɗu, tana sauka.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba,
irin daɗin uba in yaro ya kawo canji daidai.

Na kira Pitowa.
Ta cikin ruwan na ji Baffa yana haki,
na ji jarka tana ƙwal-ƙwal a bakin tanki.
Ya ce, yaronka ya yi ƙoƙari,
ka gaya masa na riga shi da minti goma.